Kunya da Gaskiya a Tarihin Ƙauye: Nazarin Lark Rise to Candleford

Sau da yawa idan 'yan ƙungiya suka kawo mana tarihin garinsu don mu duba, abin da muke tararwa shi ne jerin dagatai da shekarun da kowanne ya yi a kan gado, sai labarin maharbin da ya sari garin, sai yabon mutanen kirki. Idan muka tambayi marubucin ina talakawa, ina mata, ina wanda ya cinye gadon marayu, sai ya yi murmushi ya ce ai jikokinsu suna raye. Amsar nan ba ta wasa ba ce, domin kuwa shi zai koma ya zauna da su. Saboda haka a wannan fitowa muka ga ya kyautu mu leƙa Ingila, ƙasar da irin wannan rubutu ya daɗe da kafuwa, mu ga yadda wata marubuciya ta yi da wannan matsala.

Flora Thompson an haife ta a 1876 a Juniper Hill, wata 'yar ƙauye mai gidaje kamar 30 a lardin Oksfod. Mahaifinta magini ne mai aikin dutse, ita kuma tana 'yar shekara 14 ta kama aiki a gidan waya na Fringford. Sai da ta haura shekara 60, tana zaune nesa da gida, sannan ta rubuta littattafai uku: Lark Rise a 1939, Over to Candleford a 1941, Candleford Green a 1943. An haɗa su wuri guda a 1945, ta rasu a 1947.

Dabarar da ta yi ita ce ta sauya sunan kowa da komai. Ƙauyensu ya zama Lark Rise, ita kanta ta zama wata yarinya Laura, tana ba da labarinta kamar na 'yar maƙwabta. A littafin farko dabarar ta yi aiki ƙwarai. Da yake ta ɓoye sunaye, sai ta sami bakin faɗin abin da ake jin nauyinsa. Ta gaya mana cewa leburan gona a shekarun 1880 sule 10 suke samu a mako, da shi za a biya haya, a ci, a sayi takalman yara. Ta nuna yadda kowane gida ke kiwon alade guda, wanda wani lokaci an riga an ci bashi a kan namansa tun kafin a yanka shi. Ta nuna yadda ake tura 'yan mata aikatau gidajen masu hali tun suna 'yan shekara 12 ko 13, don a rage baki a gida, a kuma sami wurin kwana ga ƙannensu. Akwai wani tsohon soja da ƙarfinsa ya ƙare, aka ɗauke shi ala tilas zuwa gidan gajiyayyu, bai daɗe a can ba ya mutu. Akwai Queenie mai saƙa da kiwon zuma, wadda mijinta ya taɓa dukanta da bel, ita kuwa ta gasa masa bel ɗin a cikin abinci ta ajiye masa. Mai karatu zai yi dariya, amma ba zai manta an doki matar ba. Wannan shi muke kira gwaninta: ba ta tsaya yin wa'azi ba, ba ta kuma rufe laifin ba.

Sai dai da labari ya bar ƙauye ya shiga garin kasuwa, sai muka ga hannunta ya yi sanyi. Candleford babu shi a taswira. Ta ɗebo wani abu daga Buckingham, wani daga Bicester, wani daga Banbury, ta dama su wuri ɗaya. A namu ganin, a nan ne ɓoyon ya wuce gona da iri. Lark Rise muna jin laka a ƙafarmu, mun san inda rijiya take, mun san hanyar da yara ke bi zuwa makaranta. Candleford kuwa gari ne mai kantuna da dangi masu karamci, amma in aka ce mu zana shi a takarda sai mu rasa ta ina za mu fara. Haka ma shugabar gidan waya, Dorcas Lane: wadda Flora ta yi wa aiki a zahiri mijinta rasuwa ya yi, amma a littafi ta zama mace wadda ba ta taɓa aure ba. Tauraruwa ce mai daɗin karatu, babu musu, sai dai mai neman tarihi ba zai jingina da ita ba. Sauya suna daban, sauya mutum daban, kuma Flora ba ta gaya wa mai karatu inda ta tsallaka daga wannan zuwa wancan ba.

Don mu auna ta da kyau, bari mu koma baya wajen Richard Gough, wani manomi mai hali a Myddle ta lardin Shropshire, wanda ya rubuta tarihin garinsu a 1700 zuwa 1701. Zubinsa abin koyi ne. Ya zana taswirar bencinan cocin garin, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba da labarin gidan da ke zama a kowanne: wanda ya shanye gonar ubansa a gidan giya, wanda aka rataye saboda sata, wadda ta addabi mijinta. Ya lissafa mutum 20 da suka tafi yaƙin basasar da ya ɓarke a 1642, 13 daga cikinsu ba su dawo ba. Bai sauya sunan kowa ba. To amma fa mu lura, bai buga littafin ba. Ya mutu a 1723, aka yi fiye da shekara 100 kafin wani sashe nasa ya fito a 1834. Wato Gough ya faɗi gaskiya tsirara ne saboda ya san ba zai haɗu da masu ita a kasuwa ba.

Ronald Blythe kuwa, wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 100, ya bi tsaka-tsaki a Akenfield na 1969. Ya zauna da mutanen ƙauyukan Suffolk, musamman Charsfield, ya sauya musu sunaye, ya bar kowa ya yi magana da bakinsa: maƙeri, malamar makaranta, mai haƙa kabari, da tsohon lebura da ya je yaƙin Gallipoli. Tsofaffinsa ba sa begen da. Suna tuna yadda aka tatse ƙarfinsu a gonakin wasu. A nan ya fi Flora ɗaci. Abin da muke zarginsa da shi guda ne: kowa a littafin ya iya magana fiye da kima, har mutum ya fara jin muryar marubuci ɗaya a bakuna da yawa. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta aka buga a 1954, ya san yadda tsohuwa take magana in an ƙyale ta: ta maimaita, ta kauce, ta dawo.

Duk da haka, idan ɗalibi ya ce mu zaɓa masa ɗaya ya fara da shi, Lark Rise za mu miƙa masa, mu ce ya karanta a hankali, ya riƙa lura da abin da Laura ta gani ta yi shiru. Mahaifinta, alal misali, mutum ne da burinsa ya karye ya koma ga kwalba, amma a gurguje ta wuce shi. Ƙaninta Edwin kuwa, wanda ta kira Edmund, an kashe shi a yaƙi a 1916. Ta rufe littafin farko da sunayen samarin ƙauyen da aka rubuta a bangon coci, nasa na cikinsu, ba ta ƙara komai a kai ba.