Harafin H da Makahon Mai Karatu

Wani makaho mai sauraron shirina a nan Zangon Wagadugu ya nuna mini yadda yake karatu da NVDA, manhajar kyauta da Michael Curran, makaho ɗan Ostareliya, ya ƙirƙiro a 2006. Ya danna H, ta tsallaka zuwa kan labari. K, zuwa mahaɗi. Insert da F7, ta jero mahaɗan duka. A shafin Faransanci tafiya sumul. Da ya buɗe wani na Hausa, manhajar ta ce babu kanu. Laifinmu ne, marubuta: harafi muke kaurarawa mu kira shi kan labari, waƙa kuma mu ɗora ta a hoto. Mai ido ya yaba, makaho ya ji shiru. Jama'a, mu gyara.