Masoyin da ba ya furfura

A Mandera, mayen da muka taso muna tsoro kurwa yake kamawa, kuma yakan tsufa ya mutu kamar kowa. Na finafinan Turawa jini yake sha, ba ya furfura. Fim ɗin Twilight na 2008 ya mayar da hakan abin sha'awa: Edward ya haura shekara 100 da fuskar ɗan 17, Bella tana roƙon ya cije ta.

Mun fi gaskata Let the Right One In, na ƙasar Suwidin, sa'ansa a shekara. Eli ta tsaya a 12. Håkan, mai nemo mata jini, girma ya kama shi, farauta ta gagare shi, ya ƙare a bakinta. Da yaro Oskar ya hau jirgin ƙasa da ita cikin akwati yana murmushi, mu Håkan muke hangowa.