Da Rarrafe Yaro Kan Tashi: Nazari Kan Gaggawar Kai Matasan 'Yan Ƙwallo Babban Fage

Da zarar an kawar da amfanin gona, gero da dawa suka shiga rumbu, filayen makarantun firamare a Dingaya da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu sukan koma dandalin ƙwallo. Wani mai hali ko ɗan siyasa zai sa kofi, unguwanni da ƙauyuka su shiga, a yi ta sili-ɗaya-ƙwale har a zo wasan ƙarshe. Ranar nan za ka ga babura jere a bakin fili, yara sun ɗare katanga da rassan bishiya, ƙura ta turnuƙe har ba a ganin layin da aka ja da toka. A kowace irin wannan gasa akan sami yaro guda da ya fi kowa, wanda in ya karɓi ƙwallo sai ihu ya tashi. Kafin a watse an yanke masa hukunci: "Wannan ai ba nan ya kamata yana bugawa ba. Wannan kayan Turai ne."

Daga wannan kalma ake fara neman wanda ya san wani a Kano ko Kaduna, ana cigiyar inda ake gwaji, wani lokaci har a sayar da ɗan rago ko buhun ridi domin kuɗin mota da na fasfo. Wannan al'ada ta ɗauko yaro daga filin firamare a nufi ƙololuwa da shi kai tsaye ita ce abin dubawa a nan. Ra'ayina shi ne baiwa daban, shiri daban, kuma yawancin yaran da muke asara ba rashin iyawa ne ya kayar da su ba, matakan da aka tsallake da su ne.

Matakan da ake da su

A tsarin ƙwallon Najeriya akwai tsani mai hawa-hawa. A sama akwai gasar Firimiya ta NPFL mai ƙungiyoyi 20, inda kowace ke buga wasa 38 a kaka. Ƙasa da ita akwai NNL, sannan NLO, sai gasannin jihohi da makarantun horar da yara. Mutanen Jigawa sun ga tazarar da ke tsakanin waɗannan hawa da idonsu: Jigawa Golden Stars ta hau Firimiya a 2019, ta sauko a 2021. Ko Kano Pillars, da ta ci kofin gasar a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta faɗi a 2022 kafin ta dawo a shekarar da ta biyo. In har ƙungiya sukutum, da kocinta da kuɗin gwamnati a bayanta, tana iya kasa riƙe matsayinta a sama, ina ga yaro ɗan shekara 17 da bai taɓa kwana a sansani ba?

Gasar ƙauye ba ta auna abin da babban fage ke nema. Wasanni ne 'yan kaɗan cikin makonni kaɗan, gaban 'yan uwa da abokai, da abokan hamayyar da yawancinsu manoma ne da ɗalibai. Gwajin da ake zuwa birni ma haka yake. A tara samari fili guda tun da asuba, a raba su sha ɗaya-sha ɗaya, a ba kowane rukuni 'yan mintoci. Kowa ya san damarsa ke nan, saboda haka ba mai ba wani ƙwallo. Mai yanka da mai gudu su ne ke fitowa, ɗan bayan da ya iya tsayuwa inda ya dace, wanda ya hana haɗari tun kafin ya taso, ba wanda ya lura da shi. Gwaji yana nuna abin da yaro zai iya yi cikin minti 20, ba ya nuna abin da zai yi cikin wata tara.

Mene ne shiri?

Shiri na farko na jiki ne. Ɗan wasan Firimiya zai yi tafiyar yini guda a mota daga Arewa zuwa Aba ko Fatakwal, ya sauka ya buga da ƙarti masu shekara 30 da suka san inda ake sa kafaɗa, bayan kwanaki kaɗan ya sake shiga fili. Ƙafar da ba ta saba da wannan ba ba ta kai tsakiyar kaka sai da rauni.

Na biyu shi ne karatun wasa. A minti 90, ƙwallo ba ta zama a ƙafar mutum guda sai na ɗan lokaci ƙalilan. Sauran lokacin duk aikin da babu ƙwallo ne: ina zan tsaya, wa zan tare, yaushe zan koma baya. Tauraron ƙauye bai taɓa buƙatar wannan ba, domin abokansa ne ke yi masa wahala shi yana jiran a ba shi.

Na uku hali ne. Yaron da aka saba ɗagawa sama bayan kowane wasa zai tarar da kansa a benci wata biyu, koci bai ko kalle shi ba. Zai buga a filin baƙi inda dubban mutane ke zaginsa. Wanda bai koyi haɗiye wannan a ƙaramar ƙungiya ba, a babba zai karaya.

Na huɗu ilimi ne da gaskiyar shekaru. Dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi. Duk dillalin da ya ce zai fitar da ɗan shekara 15 ya sama masa kwantiragi a Turai, ya kamata iyaye su yi masa tambayoyi da yawa. Rage shekaru kuwa ya daɗe yana ruɗin ma'auninmu. Tun 2009 FIFA ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17, kuma a 2016 'yan wasan Najeriya 26 suka faɗi wannan gwaji gab da karawa da Nijar, wadda ta fitar da mu. Saurayin da ya haura 20 yana wasa da yara dole ya yi fice, amma ya riga ya gama girma, babu sauran abin da zai ƙaru da shi.

Abin da tarihi ya nuna

Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Da a ce ficen ƙuruciya shi ne shiri, da babbar tawagarmu ta wuce zagaye na biyu a gasar cin kofin duniya, abin da ba ta taɓa yi ba. A 2007 Macauley Chrisantus ya fi kowa cin ƙwallo da guda 7, Hamburg ta Jamus ta ɗauke shi, aka yi ta ba da shi aro. Rabiu Ibrahim, ɗan Kano da ya sa lamba 10 a wannan tawaga har ana kwatanta shi da Okocha, ya bi ta Sporting da PSV da Celtic ba tare da ya sami gurbi na dindindin ba, sai a Sulobakiya ya zauna ya yi wasa sosai. Ba wanda zai ce waɗannan ba su iya ba. Ƙungiyoyin da suka fara faɗawa ne ba su da lokacin renon su.

Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar 2015, ya tafi Wolfsburg, ya kasa cin ko ɗaya. Sai da ya sauko Charleroi ta Beljiyam a 2018, inda yake bugawa kowane mako, sannan ya dawo hayyacinsa, ya wuce Lille, ya wuce Napoli, ya zama gwarzon Afirka a 2023. Saukowar nan ita ta cece shi.

Dubi kuma waɗanda suka bi tsani. Ahmed Musa ya fara da JUTH ta Jos, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya tafi VVV-Venlo, ƙaramar ƙungiya a Holan, sannan CSKA Moscow a 2012 da Leicester a 2016. Zaidu Sanusi, ɗan Jega, ya yi shekaru a Mirandela da ke rukuni na uku a Fotugal, ya hau Santa Clara a 2019, Porto ta saye shi a 2020, kuma ƙwallonsa a ragar Benfica a watan Mayun 2022 ce ta tabbatar mata da kofin gasar. Kowane hawa sai da suka cika shi kafin su taka na gaba.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurin Bahaushe. A dambe, yaro yakan tashi ƙarƙashin ubangida, ana kiransa shagon wane ko autan wane. Yana fara wasa da sa'o'insa kafin manya su shigo fili, kuma ubangidansa ba ya barin a haɗa shi da wanda zai illata shi don kawai 'yan kallo sun matsa. A Amurka da Kanada ma, a wasan hoki na ƙanƙara, kowace ƙungiya ta babbar gasar NHL tana da ƙaramar ƙungiya a gasar AHL inda take ajiye matasanta, ta ɗauko yaro in ya nuna, ta mayar da shi in ya gaza, ba tare da an ce ya ƙare ba.

Uzurin masu gaggawa

Masu gaggawa suna da hujjar da ba za a raina ba. Rayuwar ɗan ƙwallo gajera ce, gida akwai buƙata, kuma ƙananan gasanninmu suna da matsalolinsu: albashi kan makale, filaye ba su da kyau, magani in an ji rauni sai ɗan wasa ya nema da kansa. Uban da ya ce gara ɗansa ya gwada sa'a a waje ba mahaukaci ba ne. Sai dai maganin tsani mai rauni gyara shi ne. Yaron da ya tafi babu tarihin wasa a rubuce, babu ƙungiyar da ke da rajistarsa, ba shi da mai tsaya masa in dillali ya watsar da shi. Garinsa ma ya yi asara, domin dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, kuma ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta da hanyar karɓar ko sisi.

Saboda haka kirana ga masu sa kofi a Gwaram da Birnin Kudu shi ne su karkatar da wani ɓangare na kuɗin zuwa gasar lig ta ƙaramar hukuma, gida da waje, mai ɗaukar watanni, a riƙa rubuta sunan kowane yaro da shekarunsa na gaskiya da wasannin da ya buga. Ƙungiyoyin gari su yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha. Iyaye kuma, in aka ce ɗanku kayan Turai ne, ku gode wa Allah, ku bar shi a makaranta, ku nema masa ƙungiyar da zai buga kaka guda cikakkiya tun daga farko har ƙarshe. In ya yi fice a nan, hawa na gaba zai neme shi da kansa.