Uba ko Shugaba? Zumunci da Mulki a Wasan Grey's Anatomy

Babban jigon wannan wasan talabijin, wanda Shonda Rhimes ta ƙago a Amurka cikin 2005, shi ne karon zumunci da mulki. Dakta Richard Webber ne shugaban likitocin tiyata, amma ya riƙi na ƙasa da shi tamkar 'ya'yansa. Da ya koma shan giya a zango na 6, sai Meredith ta rufa masa asiri, mijinta Derek kuwa ya kai ƙararsa, ya gaje kujerarsa. Mai kallo a Yawuri, inda ubangida ke da alfarma, zai ce butulci ne. To amma ran majinyaci ya fi kunyar uba. Gwanintar wasan ita ce bai wanke Derek ba, domin ya daɗe yana kwaɗayin kujerar.