Hoton Talla da Laƙabin Kaya a Kasuwannin Rogo da Ƙaraye

Masu nazarin talla sun saba auna zanen da ke jikin kaya da ma'aunin kyau, watau launi da tsari. A ganina wannan awo bai isa ba a ƙasar Hausa. Wanda duk ya saurari ciniki a kasuwar Rogo ko ta Ƙaraye zai ji ba safai ake kiran kaya da sunan da kamfani ya raɗa musu ba. Hoton ake kira.

Al'adar ta daɗe. Kamfanin taba na Nijeriya, wanda ya buɗe masana'anta a Zariya cikin 1959, yana da sigari mai suna Three Rings, amma Bahaushe "mai zobe" ya sani. Fulawar Golden Penny, ta kamfanin da aka kafa a 1960, ita ce "mai kwabo". Maggi kuwa "mai tauraro". Harshen ne ya tanadi wannan ƙofa: a ɗauki "mai", a liƙa mata abin da ido ya gani, shi ke nan suna ya samu. 'Yan siyasa ma sun gane haka tun zamanin fartanyar NPC da tauraron NEPU.

Ke nan mai zane raɗa suna yake yi, ko ya sani ko bai sani ba. Zanen da ya ci nasara shi ne wanda za a aiki yaro da shi cikin kalma guda, ya je ya komo bai yi ɓatan kai ba. Dubi gwangwanin madarar Peak, wadda ta shigo Nijeriya a 1954. Zanensa ya fi zobe da kwabo ƙayatarwa nesa ba kusa ba, ga dutse ga itatuwa ga ruwa, amma abubuwan sun yi wa baki yawa, don haka sunan Turancin ne ya zauna.

Sai dai inda laƙabi ya yi ƙarfi, nan mai jabu yake samun shiga, domin kwaikwayon tauraro ya fi kwaikwayon inganci sauƙi. A dunƙulen miya hasarar kaɗan ce. Ga manomin masara na Rogo kuwa, wanda ke zaɓen maganin feshi da hoton da ke jikin gora, bayanin awo da gargaɗin guba kuma suna can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙen Turanci, kuskure ɗaya yana iya cinye masa damina sukutum.