Finafinan ɗar-ɗar: wa muke goya wa baya a Drishyam?

Duk wanda ke wucewa ta shagon masu tura finafinai a waya ya san yadda matasa ke rububin finafinan Indiya da aka fassara da Hausa. Cikinsu akwai wani nau'i da ke ajiye mai kallo cikin zaman ɗar-ɗar, zuciya na dukan uku-uku, har tuwo ya huce a kwano ba a sani ba. Tun da yaranmu na kallonsu, ya dace mu san yadda ake gina su da abin da suke shukawa.

Alfred Hitchcock, ɗan Ingila da ya yi suna a Amurka, shi ake ɗauka uban wannan sana'a. Ya taɓa ba da misali da mutum biyu da ke hira a kan tebur, ga bam a ƙarƙashinsa. In bam ya tashi ba zato, mai kallo zai razana na ɗan lokaci, shi ke nan. In kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, ya san lokacin da zai tashi, to kowace kalma ta hirar nan sai ta zame masa zullumi. Sirrin ke nan: a sanar da kai abin da mutanen cikin labarin ba su sani ba, sannan a bar ka kana jira.

Nau'in yana da rassa. Akwai na leƙen asiri, irin su James Bond da aka fara da Dr. No a 1962. Akwai na rikicin ƙwaƙwalwa, kamar Psycho na Hitchcock a 1960. Akwai na siyasa, kamar Z na Costa-Gavras, wanda aka ɗauka a Aljeriya ya fito a 1969. Akwai na kotu da lauyoyi. Sai kuma na aikata laifi da binciken ƴan sanda, inda Drishyam ya faɗo.

Jeethu Joseph ne ya fara yin Drishyam a 2013 da harshen Malayalam, Mohanlal ya ja shi. A 2015 Nishikant Kamat ya sake shi da Hindi, da Ajay Devgn da Tabu. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, za mu fasa ƙwai. Vijay magidanci ne a Goa, karatunsa bai wuce aji huɗu ba, sana'arsa haɗa wa mutane tashoshin talabijin, kuma ya kwana yana kallon fim. Wani yaro, ɗan babbar shugabar ƴan sanda, ya ɗauki hoton ƴarsa a ɓoye tana wanka, ya zo har gida yana yi mata barazana. Garin ƙoƙarin fasa wayar, ta buge shi ya mutu. Uban ya ɓatar da motar yaron da layin wayarsa, ya kwashi iyalinsa zuwa wani gari, suka ci abinci, suka shiga silima, ya tara rasidai. Daga baya ya riƙa maimaita labarin tafiyar ga mai abinci da yaron mota da sauran jama'a, har suka haddace ranakun da ya ɗora musu, 2 da 3 ga Oktoba, suka ba da shaida a kai da zuciya ɗaya.

Gaskiya a faɗe ta, an iya gina fim ɗin. Babu tseren motoci, babu jarumi mai doke mutum ashirin. Kusan rabin farko zaman gida ne kawai, raha da ƙorafin kuɗin cefane, don ka saba da mutanen nan kafin masifa ta sauka. Mun san gaskiya tun farko, ƴan sanda ba su sani ba, bam ɗin Hitchcock ke nan. Shi ya sa duk tambayar da aka yi wa ƙaramar yarinyar nan sai ka ji gabanka ya faɗi.

To amma ina aka kai mu? An nuna yaron mugu ne, an nuna ɗan sanda yana dukan mata da ƙaramar yarinya, don kada mu sami wurin tsayawa in ba bayan Vijay ba. Yarinyar da ta kare mutuncinta tana da uzurin da alƙali mai adalci zai saurara. Abin da uban ya yi daban ne: ya koya wa ƴaƴansa ƙarya, ya mai da mutanen kirki masu shaidar zur ba da saninsu ba, ya binne gawa a ƙarƙashin sabon ofishin ƴan sanda, iyayen yaron ba su ga ko kabari ba. Ɗalibi ya san matsayin shaidar zur cikin manyan zunubai, amma a nan sai ya sami kansa yana fatan ta yi nasara.

Hujjar fim ɗin ita ce talaka ba ya samun adalci in abokin shari'arsa mai iko ne. Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ta sa ya karɓu a ƙasashe da dama. Sai dai da aka sake shi a ƙasar Sin a 2019, da sunan Sheep Without a Shepherd, uban ya amsa laifinsa a ƙarshe. Ashe labarin zai iya ƙarewa ta wata hanya. Ƙarshen da aka ba mu zaɓin marubuci ne.

Saboda haka malam, in ka ji ɗalibanka na hirar fim ɗin, zauna ka tambaye su: me ya sa kuka so Vijay ya tsira? Wa aka hana mu tausaya wa, kuma da wace dabara? Da ƴarka ce, ina za ka kai ƙara? Iyaye ma su yi haka a gida. Allah ya sa mu dace, amin.