Ertugrul: Jarumin Marvel Ne Ya Naɗa Rawani?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yan'uwa da ɗalibai, kallo ya zauna daram a gidajenmu na Zango. Iyaye mata sun daɗe da Kumkum Bhagya da Adom TV ta juya zuwa Twi, samari kuwa suna tare da finafinan Marvel tun daga Iron Man na 2008 har Avengers: Endgame na 2019. Amma wanda ɗalibai suka fi tambaya a kansa shi ne Ertugrul, wai tunda na Musulunci ne, ai ba laifi a zauna masa. To, bari mu auna shi.

Shiri ne na ƙasar Turkiyya, tashar gwamnati TRT 1 ta nuna shi daga 2014 zuwa 2019, kashi 150. Labarin Ertugrul ne, mahaifin Usman wanda ya kafa Daular Usmaniyya. Sai a faɗi gaskiya, yana da abin yabo. Ana alwala, ana sallah, mata a suturce, ɗa ba ya ɗaga murya a gaban uba. A Avengers kuwa akwai Thor, wanda sunan abin bautar mutanen arewacin Turai ne na dā, kuma a Endgame jarumai sukan koma baya cikin zamani don su warware abin da ya riga ya auku, kamar ƙaddara rigar aro ce a cire a sake. Ta wannan fuskar Ertugrul ya fi su nesa ba kusa ba.

Sai dai akwai matsala biyu. Ta farko, yaranmu suna ɗaukarsa tarihi. Abin da ya tabbata game da Ertugrul kaɗan ne ƙwarai: akwai kuɗin ƙarfe na zamanin Usman da ke ambaton sunansa a matsayin uba, kuma ya rasu wajen 1280. Littattafan da suka ba da labarinsa da faɗi sai a ƙarni na 15 aka rubuta su. Shirin yana nuna Shehu Ibn Arabi yana bayyana wa Ertugrul duk lokacin da ya shiga tsaka mai wuya. Shehun ya zauna a ƙasar Anatoliya, ya rasu a Dimashƙa a 1240, amma babu ruwaya ingantacciya cewa su biyun sun haɗu. Kalmomin da aka sa a bakinsa na marubucin shiri ne. Kai da ka karanta Musɗalahul Hadis, da ba ka karɓar magana sai ka tambayi isnadinta, yaya za ka ce "Ibn Arabi ya ce" alhali a waya ka ji?

Ta biyu ita ta fi damuna. Idan ka cire rawani da kabbara, ginin labarin ɗaya ne da na Marvel. Jarumi ba ya kuskure, mutum ɗaya ya kāda ashirin, maƙiyi baƙi ne wuluk, kuma kowane kashi sai an yi cin amana sannan takobi ya raba gardama. Yaron da ya sha wannan kashi 150, me zai koya game da saɓani? Zai koyi cewa duk wanda ya saɓa masa munafiki ne. A unguwannin da muka san yadda 'yan siyasa ke neman samari masu ƙwanji idan zaɓe ya matso, wannan darasi ba wasa ba ne. Hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim ya auna ƙarfin mutum da riƙe kai lokacin fushi, ba da kāda abokin kokawa ba.

Wanda ke son ganin bambanci ya nemi Lion of the Desert na Mustafa Akkad, na 1981. Labarin Umar Mukhtar ne, malamin Alƙur'ani da ya yi kusan shekara 20 yana yaƙar mamayar Italiya a Libiya. A fim ɗin an nuna ya hana mutanensa kashe fursuna, domin ba daga azzalumi Musulmi ke ɗaukar darasi ba. A ƙarshe bai ci yaƙin ba. An rataye shi ranar 16 ga Satumba 1931, tsoho mai shekara saba'in da 'yan kai. Marvel ba za su taɓa rufe labari haka ba, Ertugrul ma haka. Amma wannan shi ne jarumin da ya fi kama da waɗanda muke karantawa a Sira: sun ci a Badar, an yi musu rauni a Uhudu, ba su canza hali ba.

Ban ce Ertugrul haramun ne ba. Na ce tatsuniya ce mai tsafta, a kalle ta a matsayin tatsuniya, kada ta ci lokacin sallah ko hadda. Iyaye su zauna tare da yara, su tambaye su: wannan da ya yi, daidai ne a shari'a? Ɗalibai kuma, kafin ku haddace sunayen mayaƙan Ertugrul, ku tabbata kun san sahabbai goma da aka yi wa bushara da Aljanna.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon binta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.